Kukan Jirgin Baba Direba

Ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da zan shiga ajin ƙarshe na firamare, na ga kakata Inna ta durƙusa a tsakiyar Turawa tana auna faɗin layin dogo da kamu. Lallen Sallah bai gama barin hannunta ba. Ta ɗora gwiwar hannu a kan ƙarfe ɗaya, ta miƙa yatsu zuwa ɗayan, ta ga saura kaɗan su taɓa, sai ta taɓe baki ta miƙe da ƙyar tana kakkaɓe mayafi. Ni ina bayanta riƙe da jakar abinci, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, domin wata mata mai tura keken jariri ta tsaya tana kallonmu. Abba ne ya kawo mu wurin, wani wurin shaƙatawa a can gefen London ta yamma, kusa da inda layin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yake ƙarewa. Akwai tafki, akwai itatuwa, akwai kuma ɗan siririn layin dogo da ya kewaye ruwan. Wasu dattawa ne suke kula da shi, don sha'awa kawai, suna ɗaukar mutane a ƙananan taragai marasa taga.

Kan jirgi biyu ne suke aiki a ranar. Akwai ja mai tururi, wanda kowa ya yi wa caa ana ɗaukar hotonsa, akwai kuma wani kore mai shan man gas da ke tsaye a gefe babu mai ko kallonsa. Layin masu jiran jan ya yi tsawo, gwiwoyin Inna kuma ba sa son tsayuwa, shi ya sa muka nufi koren. Gajere ne, mai faffaɗan goshi, fentinsa ya kumbura a wasu wurare kamar fatar gasasshiyar masara. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan kan jirgi ne ko injin markaɗe?" Abba ya yi dariya. Ana cikin haka direban, wani dattijo mai jar fuska da baƙar hula, ya tayar da injin. Ya yi tari, ya yi kakari, ya fesa hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, sannan ya kama wani irin bugu mai nauyi da na ji har a tafin ƙafata. Iska ta kaɗo mana warin gas da na baƙin mai. Sai na ga Inna ta matsa kusa. Ta zauna a tarago ba tare da an kama ta ba, ta ɗora hannu a kan ƙarfen gefe, zobenta na azurfa ya fara wani abu da na daɗe da sani: ta ja shi a kan ƙarfen, ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta sake ja a hankali har sautin ya dusashe.

Inna ta zo wurinmu ne bayan ta fita takabar kakana. Abba ya ce a duba mata gwiwa, amma kowa ya san dalilin shi ne kada ta zauna ita kaɗai a gidan Zariya. Sunanta aka sa mini, don haka Abba da Momi suna kira na Ummi, ita kuma tana kira na Takwara. Flat ɗinmu a saman bene yake, ɗaki biyu, ni da ita muka raba ɗaya. Ta cika shi da ƙamshin turaren wuta da man zafi, ta jera kwanukanta na langa masu zanen furanni a kan teburin karatuna, ta rataya carbi a jikin ƙofa. Ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ni kuma ina jin Hausa sarai, amma da Turanci nake amsawa, in ma na amsa ke nan. Ni yarinya ce da ba ta magana. A makaranta in an fita tara, sauran yara suna tsallen igiya suna guje-guje, ni ina jikin shingen waya ina kallon yadda tururuwa suke jan ɓarɓashin biskit. Na san takalmin kowane malami, na san wace yarinya ce take cin farcenta, na san tagar da ba ta rufuwa sosai, amma in aka kira sunana a aji sai in ɓoye fuska a littafi. Ko a gida, in aka aike ni sayen madara a shagon ƙasa, ajiyewa nake a gaban mai shagon in sunkuyar da kai har ya gama.

Aikina a gida shi ne raba shara, kwali daban kwalba daban, da shanya safa a kan hita, da goge tebur bayan an ci abinci. Da Inna ta zo sai aka ƙara mini tsintar shinkafa da surfen wake, domin ba ta yarda da abin da aka ce an riga an wanke a leda ba. Ta koya mini 'yar carafke da duwatsun da muka tsinto a bakin titi, muna yi a kan kafet, tana cinye ni kullum duk da yatsunta sun fara sanƙarewa. A cikin waɗannan zaman ne na lura da zoben. A jikin hita take yi in tana kallon ruwan sama ta taga, a murfin langa take yi in tana jiran tukunya, har a bayana ta taɓa yi da yatsa ranar da na yi zazzaɓi. Kullum iri ɗaya ne, ba ya canzawa. Ba wanda ya kula a gidan sai ni, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Washegarin zuwanmu wurin jirgin, muna kicin da rana muna cire wa wake ƙwalfa, ta sake yi a bakin roba. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na haɗa Hausata mai karkacewa na ce mata mene ne wannan. Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Sannan ta ba ni labari, ba ta daina murza waken ba. Kakana, wanda duk barikin reluwe na Zariya suke kira Baba Direba, da zuba kwal ya fara a jirgin tururi, yana dawowa gida baƙi ƙirin sai idanu. Shi ya sa ita ba ta ga abin so a jan jirgin da Turawa suke rububi ba; ta ce wanda bai wanke kayan mai zuba kwal ba shi ne yake marmarin tururi. Da jiragen gas suka zo aka ba shi tuƙi, har farar riga ya riƙa sawa. A barikin kowane direba yana da irin kukan da yake sa jirginsa ya yi, kuma kowace mace ta san na gidanta. In ya iso gadar da ke bayan gari sai ya ja hon: mai tsawo, gajeru biyu, sannan mai tsawo sosai. Yaran bariki su kwaso a guje suna ihu, "Inna, naku ne!" ko da yake ta riga su ji. A take za ta ɗora ruwa a murhu. Kafin ya shigar da kan jirgin loko, wato rumfar da ake kwantar da su, ya tako zuwa gida, ruwan wanka ya yi zafi daidai yadda zai fitar da mai daga jiki. Ko suna faɗa, ta ce, sai ya busa, ita kuma sai ta ɗora. Bayan ya bar aiki ba ta ƙara jin kukan ba. Sai a ciwonsa na ƙarshe, da magana ta yi masa wuya, ya riƙa yi mata shi da zobe a ƙarfen gado in yana son ta zo. Zoben ke nan a hannunta.

"Da zan ƙara jin sa ko sau ɗaya daga bakin jirgi na gaske, Takwara," in ji ta, "da na koma gida da sauƙin zuciya." Ta ce koren nan ƙanƙane ne, amma muryarsa da warinsa na danginsu ne.

Abba ta fara tunkara. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, sai ta ce, "Baban Takwara, ka roƙar mini Baturen nan mai jirgi." Abba ya ajiye cokali ya ce, "Haba Inna, nan fa ba Zariya ba ce. Hon ɗin nan da doka ake busa shi, wuri ɗaya ne, kuma ɗan kaɗan. Maƙwabta su kai ƙara wurin hukumar council a rufe wa bayin Allah wurinsu saboda mu?" Inna ta ce, "To, Allah ya ba council haƙuri," ba ta ƙara tayar masa da maganar ba. Amma da muka koma ɗaki ta kama hannuna ta ce, "Ke ce bakina a garin nan." Ni da ko mai shago ba na iya gaisarwa. Izinin zamanta kuma na ɗan lokaci ne, bayan babbar Sallah za ta tafi.

Haka Asabar ta zama tamu ni da ita. Mu hau bas, in nuna mata inda za ta zauna, ta riƙe langa a cinya a ɗaure da ɗankwali. Ta ce ba a zuwa wurin direba hannu rabbana. A barikinsu, duk direban da ya yada zango da yunwa, matar wani abokin aikinsa za ta miƙa masa kwano ta taga, ko ba ta san sunansa ba. Ranar farko ƙosai ta yi. Muka jira fasinjoji suka sauka, ta tura ni gaba da gwiwar hannu, na miƙa langar sama ina kallon takalmansa, na ce nasa ne da muryar da ni kaina ban ji ba. Dattijon, wanda daga baya na ji ana kiran sa Mista Len, ya duba bayansa ko da wani ake. Ya buɗe, ya ɗauki ɗaya, ya dangwala a yajin da ke gefe kamar mai dangwala suga. Fuskarsa da ma ja ce, sai ta koma kamar gauta. Ya yi tari har ya fi injinsa, hawaye na zuba, yana ɗaga mana babban yatsa. Inna ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba tun zuwanta. Da muka juya ta ce, "Ko tukuici bai ba ki ba?" Sai na nuna mata ɗan tikitin kwali da ya huda ya sa mini a hannu. Ta ce ba laifi, yana da tarbiyya.

Mako na gaba ya dawo mana da langar a wanke fes. Inna ta buɗe, ta leƙa, ta kife ta, ta girgiza a gabansa. "Wayam! Haka ake mayar da kwano a garinku?" Ta ce in faɗa masa. Ban faɗa ba, amma bai buƙaci tafinta ba. Ya dafe hularsa yana dariya, kuma daga ranar langar ba ta ƙara dawowa haka nan ba. Wani lokaci tumatir ne daga ɗan lambunsa, wani lokaci koren wake, sau ɗaya kuma wani irin kek mai nauyi da Inna ta ce da shi za a iya gina katanga, amma ta cinye da shayi.

A waɗannan Asabar ɗin na haddace koren jirgin kamar yadda na haddace takalman malamai. Yana da ɗan allon tagulla a gefe wanda gogewa ta cinye rubutunsa. A ƙarƙashinsa akwai sarƙa irin ta keke, sai dai kowane ƙullinta ya kai dunƙulen hannuna. Kujerar direba ƙarfe ce, an ɗaure mata tsohon matashi da igiya. Akwai ɗan akwatin yashi da ake zubawa a kan dogo in ya yi santsi, akwai tsumma da ba ya barin aljihun Mista Len, akwai kuma wata sanda mai baƙin kai kusa da rufi, wadda ita ce hon. Idona kullum a kanta yake. In mun shiga tarago mun zaga, sai mun wuce wasu dogayen itatuwa mu iso wani farin allo, a nan ne zai taɓa sandar, jirgin ya yi ɗan kuka guda kamar na akuyar da aka taka. Inna takan rufe ido, sannan ta buɗe ta ce, "Ya yi rowa." Mista Len shi ne mai magana, ni sai gyaɗa kai. Ya gaya mini a masana'antar bulo jirgin ya yi ƙuruciyarsa yana jan yumɓu, aka yar da shi cikin ciyawa shekara da shekaru, su suka tono shi suka tashe shi. Tsohuwa yake kiran sa, yana shafa masa goshi. Ya ce wataƙila ma ta girmi kakata. Na fassara wa Inna a bas, ta ce, "Ki ce masa ni haƙorana ba sa kaɗawa haka in na tashi da safe."

Kowane mako ina shirya maganar. Ina maimaita ta a banɗaki, ina maimaita ta a jikin shingen makaranta, ina maimaita ta a bas har leɓena yana motsi. In na tsaya a gabansa sai ta narke. Ina tsoron ya ce a'a, ina tsoron ya yi dariya, ina tsoron mutanen da ke layi su juyo. Inna ba ta taɓa yi mini faɗa ba. In mun kamo hanyar gida sai dai ta ce, "Yau ma bakin nawa bai buɗe ba?" ta ba ni tumatir ɗaya in ci. Aka koma makaranta, ganyaye suka yi ja suka fara zuba, rana ta riƙa faɗuwa da wuri. Abba ya yi mata booking ɗin jirgin sama na komawa gida. Akwatinta ya sauko daga kan kabad ya fara cika da man zafi da safa da tsarabar jikoki. Muka yi babbar Sallah a masallacin Regent's Park cikin rigunan sanyi. Kafin nan Mista Len ya riga ya gaya mini cewa Asabar ɗin da ke biye da Sallar ita ce ta ƙarshe a shekarar. Za a rufe layin har sanyi ya wuce, Tsohuwa kuma za a shigar da ita ciki a ciro injinta, ba wanda ya san yaushe za ta sake fitowa. Wannan ban fassara wa Inna ba, amma ta gani a fuskata.

Ranar an wayi gari da yayyafi. Abba ba ya aiki, ya ce zai kai mu a mota saboda gwiwoyin Inna. Dambun nama ta zuba a langar, na naman Sallah. Mutane kaɗan ne a wurin, jan jirgin ma ba a fito da shi ba. Na miƙa langar kamar kullum, Mista Len ya karɓa ya yi godiya, ya juya zai duba injinsa. Ni kuma na kasa tafiya, na kasa magana. Makullin flat ɗinmu yana rataye a wuyana da zare. Na ciro shi, na ɗora a jikin koren ƙarfen, na ja, na ƙwanƙwasa sau biyu, na sake ja. Ya juyo. Ya ce ai wannan kiɗan kakata ne, kullum yana jin sa a bayansa a jikin tarago, ya daɗe yana son ya san na mene ne. Sai maganar ta ɓalle. Ba yadda na shirya ta ba, a birkice ta fito, gada da ruwan zafi da farar riga da ƙarfen gado duk a haɗe, ina yi ina haki. Ban taɓa yi wa baƙo magana mai tsawon haka ba. Da na gama ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yayyafi na sauka a kan sanƙonsa. Ya je wurin matar da ke riƙe da tuta, wadda ita ke ba jirgi izinin tashi, suka yi ƙus-ƙus. Na ji ta ce wannan ne zagaye na ƙarshe, maƙwabta suna da lokacin sanyi gaba ɗaya su huta.

Mista Len ya dawo ya buɗe 'yar ƙofar wurin direba, ya goge matashin da tsummansa, ya nuna wa Inna ta hau ta ja da hannunta. Na fassara da murna. Sai ta ja da baya. "A'a. Duk zamana da shi ban taɓa taka kan jirgi ba. Ba daga ciki ake jin sa ba, daga nesa ake ji." Ta nuna can ƙetaren tafkin, inda wani benci yake kusa da rumfar mai shayi. "Can zan zauna. Ke ki hau, Takwara, ke kika san shi." Abba ya dubi matar mai tuta, ya dubi Mista Len. Ya kama hannun mahaifiyarsa suka bi gefen ruwa a hankali, muna jiran su. Na ga ta zauna ta juya wa tafkin baya. Na ga ta kaɗa wa Abba hannu ya matsa can gefe ya tsaya shi kaɗai.

Cikin wurin direban akwai ɗumi kamar kusa da murhu, kuma komai rawa yake yi, har haƙorana. Mista Len ya tsayar da ni a gabansa, ya nuna mini inda zan riƙe. Aka kaɗa tuta, ya saki birki, sarƙar ta yi ƙara, muka tafi. Jiƙaƙƙun ganyaye sun rufe dogon, ƙafafun jirgin suka zame, ya zuba yashi suka kama. Daga nan sama layin ya ƙara zama siriri, kamar zare biyu da aka shimfiɗa cikin daji. Muka shiga dogayen itatuwan, bencin ya ɓace mini. Da farin allon ya bayyana sai ya ɗaga ni kaɗan, ya ɗora hannuna a kan sandar, ya janye nasa. Na ja. Ban san ƙaramin abu zai iya irin wannan kuka ba. Ya fita ya bi kan ruwa, agwagi suka tashi gaba ɗaya. Na saki, na yi gajeru biyun, sannan na kama na ƙarshe. Ina cikin ja na ji kamar duk London ta juyo tana kallona, tsoro ya kama ni, na saki. Sautin ya je can ƙetare ya dawo mana a raunane. Mista Len ya mayar da hularsa ya gyara mata zama.

Da muka tsaya na ruga a guje ta gefen tafkin. Na tarar da Inna zaune yadda na hango ta, hannuwanta a cinya, mayafinta ya jiƙe. Fuskarta a bushe take, ko ta riga ta share, ban sani ba. Abba yana can yana kallon itatuwa, ya ƙi juyowa. Na tsaya a gabanta ina haki. Ta ce, "Na ƙarshen ya fi haka tsawo." "Amma shi ne." Sai ta dafa kafaɗata ta miƙe ta ce, "Ku zo mu tafi gida in ɗora ruwa."

Na ɗauka magana ce kawai. Muna shiga ta wuce kicin ko mayafi ba ta cire ba, ta ɗauko babbar tukunyar da Momi take dafa shinkafar baƙi, ta cika ta ɗora a wuta. Momi ta fara cewa ai akwai ruwan zafi a famfo, Abba ya girgiza mata kai. Inna ta tsaya a kan tukunyar har ta tafasa, ta sa Abba ya juye a bokiti, ta sirka da kanta tana gwadawa da gwiwar hannu. Sannan ta leƙo falo ta ce, "Direba, taso ki yi wanka, duk warin gas kike."

Daga ranar ba ta ƙara kira na Takwara ba. Ko a waya bayan ta koma, in aka miƙa mini sai in ji, "Direba, an iso lafiya?" Saboda in iya amsa mata na daina mayar da Turanci, na riƙa lallaɓa Hausar har ta miƙe. Ta rasu ina gab da gama sakandare, ban samu zuwa ba. Bayan shekaru na tambayi Abba yadda fuskarta ta yi a lokacin da kukan ya iso. Ya ce, "Ban gani ba, Ummi. Ni ma a lokacin ba a London nake ba, ina bariki ina gudu ba takalmi."

Yanzu kullum da jirgi nake zuwa aiki, dogo mai sanyi mai walƙiya, wanda yake shigowa tasha kamar iska, ba hayaƙi ba wari, ban ma taɓa ganin fuskar mai tuƙa shi ba. A gida in na murɗa famfo ruwan zafi ya zo, ba sai wani ya ji tahowata ba. Bazarar da ta wuce na koma wurin tafkin. Wani sabon kan jirgi mai batir ne yake jan taragan, shiru kamar mai sanɗa. Mista Len ya daɗe da daina zuwa. Wani matashi ya bar ni na leƙa loko, na ga Tsohuwa a can ciki an lulluɓe rabinta, ya ce sai ranakun biki ake fito da ita. A kan wani katako kusa da ita na hango langar Inna, wadda ba mu koma mun karɓa ba, furanninta sun dusashe, cike da ƙusoshi da notina. Ban ce tamu ba ce. Na dai tsaya na shaƙi warin wurin, hannuna a kan koren ƙarfen, da zoben azurfar da aka aiko mini bayan rasuwarta. Na ja, na ƙwanƙwasa sau biyu, na sake ja, wannan karon ban saki da wuri ba. Yanzu na san tsawonsa, sai dai babu mai jira a ƙetaren ruwan.